Kura da Ƙa'idar Tambayar Tafki

Ga ta nan gare ku, jama'a.

Ta iso, mu saurara.

Ku sani, Kunkuru ne ya haddace tafkunan daji kaf, kuma yana alfahari da ƙa'idar da dabbobi suka amince da ita: mai tambayar inda ruwa yake ya ambaci shiyya ɗaya da wata ɗaya a cikin watannin shekara.

Kura ta zo da ƙishirwa, ta ce, "Malam, zayyano mini su duka! Ni ba a yi mini iyaka."

"Madalla, ranki ya daɗe," in ji Kunkuru. Ya faro daga tafkin da ya ƙafe zamanin kakansa.

A tafki na ɗari uku, maƙogwaron Kura ya bushe ƙamas. Ta ce, "Gabas, Malam! Watan nan!"

Kunkuru ya gyara zama. "Tafkin yana bayan kukar da kika jingina da ita."

Ƙurunƙus, kan kusu ya ishe ku.