Kurman Da Ba A Gaya Wa Za A Rufe Ruwa Ba

Akwai wani manomin rani a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, sunansa Badamasi. Sanƙarau ne ya tafi da jinsa tun yana yaro, magana ma ta bi.

Duk garin, matarsa Saliha ce kaɗai take gane maganar hannunsa sosai. Ita ce kunnensa. Shelar masallaci, haihuwa, rasuwa, har gulmar gari, ita take kawo masa. Allah bai ba su haihuwa ba.

Da kaka Saliha ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba.

Da aka share makoki, gida ya yi wa Badamasi faɗi. Mutanen garin ba mugaye ba ne. Suna ɗaga masa hannu, maƙwabta suna aiko masa da tuwo. Amma babu mai zama da shi. Idan ya je majalisa, sai dai ya ga bakuna suna motsi, a kwashe da dariya, shi ma ya yi yaƙe don kada a ga ya fita daban. Daga baya ya daina zuwa.

Wani lokaci yakan dawo daga gona da labari, ya shiga tsakar gida har ya ɗaga hannu, sai ya tuna. Ya sauke.

Ana cikin haka aka yi shela a lasifika cewa za a rufe babbar magudanar ruwa don gyara. Kowa ya dakatar da dashe. Badamasi kuwa ya duƙa ya dasa tumatirinsa kaf, yana mamakin lalacin mutane a bana.

Washegari ya tarar da magudana babu ko ɗigo.

Ya yi ta jidar ruwa da jarka daga wani kududdufi mai nisa har kafaɗarsa ta saɓule. A banza. Dashen ya ƙone yana kallo.

Ya tumɓuko busasshen dashe, ya kai wa shugaban ƙungiyar manoma, Alhaji Usaini, ya zube a gabansa.

Alhaji ya ce wa na kusa da shi, "An yi shela har an gaji. Laifina ne da ba ya ji? Ya ba da gonar haya kawai, ya zauna a riƙa taimaka masa."

Badamasi bai ji ko kalma ɗaya ba. Amma ya ga yadda Alhaji ya kaɗa masa hannu kamar mai korar kaji. Ya kwashe dashensa ya tafi. Kwana da kwanaki ba a ga ƙeyarsa a waje ba.

Abin ya tsaya wa Musbahu, maƙwabcinsa a gona, domin ya gan shi yana dashen ya wuce, yana cewa a ransa ai wani zai gaya masa. Sai ya kira yayarsa Malama Ummulkhairi, wadda take koyar da yara kurame a Kano.

Ranar Asabar suka je suka sami Badamasi a zaune a tsakar gida, tuwon jiya a gefensa bai taɓa ba. Ummulkhairi ta zauna, ta ɗaga hannuwanta.

"Ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Saliha."

Badamasi ya daskare. Tun da aka binne matarsa, wannan ce ta'aziyyar farko da aka yi masa da maganar hannu. Hawaye ya ɓalle masa. Sannan hannuwansa suka fara. Ya ba ta labarin jinyar, da abin da Saliha ta ce masa na ƙarshe. Alamunsu sun ɗan bambanta, amma sun fahimci juna har aka kira la'asar.

A taron ƙungiya Ummulkhairi ta nemi izini ta ce, "Alhaji, ba alfarma muke roƙo ba. Akwai dokar ƙasa da ta hana ware mutum saboda nakasa. Badamasi ɗan ƙungiya ne, sanarwa haƙƙinsa ce."

Alhaji ya ce, "To, Malama, da tsufanmu za mu koyi bebanci?"

Sai wani dattijo ya miƙe, Baballe, ƙanin mahaifin Alhaji. "Usaini, ni ma ban ji shelar nan ba. Kunnena ya daɗe da yin nauyi, kunya ta hana ni faɗa. Albasata ma ta ƙone."

Alhaji ya sunkuyar da kai. A ranar aka yanke cewa duk sanarwa sai an bi marasa ji har gida.

Tumatirin bana dai ya tafi, Ummulkhairi ma ta koma birni. Amma Musbahu ya fara koyon maganar hannu. Wata yamma ya zo yana ta fama da yatsu zai ce gobe za a saki ruwa, ashe cewa ya yi gobe za a saki akuya. Badamasi ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya kamo hannunsa ya gyara masa yatsun, sannan ya matsa masa wuri a kan tabarma.

Darasi: Mai nakasa ba tuwonka kaɗai yake buƙata ba, yana buƙatar ka zauna da shi, kuma a ba shi haƙƙinsa ba da gori ba. Duba unguwarku, wa ake mantawa da shi idan an yi shela? Ku tura wa 'yan'uwa, musamman shugabannin ƙungiyoyi.