Tukunya Ɗaya ta Gwaggo Na-Sani

Akwai wata mata da ake kira Gwaggo Na-Sani. Ba iyayenta suka sa mata wannan suna ba, bakinta ne ya jawo mata. Duk maganar da ka ɗauko, kafin ka kai rabi ta tare ka da "Na sani." Ko cewa ka yi zaninta ya kama da wuta, sai ta fara cewa ta sani, sannan ta duba. Bayan wannan kuma tana da wani hali: a wurinta gaskiya abin marasa dabara ce, mai wayo sai ya ɗan lanƙwasa ta kafin ya ci abinci.

Shekarar da faɗa ya ci garinsu, Gwaggo ta gudo da surukarta mai tsohon ciki da jikoki biyu. Ɗanta direba ne, faɗan ya rutsa da shi da motarsa a can ɗaya ɓangaren, sai dai a ji muryarsa a waya in an yi sa'a. Suka samu mafaka a wani tsohon gidan burodi da bam ya yaye wa rabin rufi. Ragowar kwanon kuma harsashi ya mai da shi rariya. In ka kwanta da rana, hasken da ke zubo maka ya isa ka zura zare a allura.

Gida huɗu ne a cikin zauren. Akwai Gwaggo da nata. Akwai Tela da matarsa da 'ya'ya biyar. Akwai Mai Faci, wanda a da yake liƙe tayoyi a bakin titi, shi da matarsa da 'ya'ya huɗu. Can lungu kuma akwai Mai Kitso, wadda mijinta ya rasu a faɗan, ita da 'yan matanta biyu. Kowane gida ya kewaye gefensa da buhuna da tsofaffin zannuwa, kowa da murhunsa a tsakar gida, kowa da tukwanensa. Abin da ya hana kowa sukuni shi ne damina ta matso, ga surukar Gwaggo yau ko gobe.

Wata safiya labari ya zo cewa ma'aikatan agaji suna bin gida gida, suna duba rufi da kayan amfani, suna rubuta abin da kowa ya rasa. Gwaggo ta tara mutanen zauren a gindin tsohon tanderu.

"Ku saurare ni," in ji ta. "Mutanen nan na san su kamar tafin hannuna. Wanda suka ga ya fi tsiya, shi suke cika wa hannu. Tambayarsu ta farko kuma a kan tukunya take. Maƙwabciyarmu ta ce ta ji da kunnenta."

Tela ya ce, "Gwaggo, ni na ji kamar ana cewa tambayar tukunyar nan tana nufin…"

"Na sani. Tana nufin mai tukunya da yawa ba ya cikin wahala. Saboda haka yau tukunya ɗaya gare mu, mu duka. A kwance buhunan nan, a rushe murhu, a bar ɗaya. Su shigo su gan mu a cunkushe, tausayi ya kama su. Kai Tela, daga yau ɗana ne kai. Kai Mai Faci, ƙanena."

Tela ya shafa gemunsa da ya yi fari fat. "Gwaggo, shekara nawa kika ba ni? Ina jin uku ce."

"Wahala ce ta tsofar da kai. In an tambaya, haka za ka ce."

Mai Kitso ta gyara ƙullin tsummokaranta ta ce, "Ni dai ku cire ni, Gwaggo. Tukwanena biyu, bargona ɗaya, rufina babu. Abin da zan faɗa ke nan."

Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa. "Ke dama tun da na gan ki na san kanki a kitse yake har ciki. Zauna da gaskiyarki, ki dafa ta ki ba 'ya'yanki."

Nan da nan aka shiga aiki. Tukwane tara aka tura cikin tanderun burodi, da bokitai, da tabarmi masu ɗan kyau, har da kan keken ɗinkin Tela, aka rufe ƙofar ƙarfen. Aka watsa ƙasa a kan tokar murhu biyu. Gwaggo ta zaɓi tukunyar da ta fi kowacce lotsewa ta ɗora a kan murhun da ya rage. Ta bi yara ɗaya bayan ɗaya tana gargaɗi: wanda ya yi dariya a gaban baƙi, ita da shi ne.

Wajen hantsi baƙin suka iso. Wata matashiya ce mai takardu a hannu, da wani dogon mutum mai igiyar awo. Suka yi sallama. Gwaggo ta amsa da wata siririyar murya wadda ko jikokinta ba su taɓa ji ba.

Mai takarda ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Mama, mun zo mu ga halin da kuke ciki ne. Kafin mu fara, ina so in san gida nawa ne a nan. Mu a wurinmu, in muka ce tukunya…"

"Na sani, 'yar nan, na sani. Ɗaya ce. Ga ta can."

Mai takarda ta dubi tukunyar, ta dubi jama'ar da suka jeru a jikin bango. "Duk ku ɗin nan tukunya ɗaya kuke ci?"

"Ɗaya tak."

"Mama, bari dai in ƙarasa miki bayanin, don abin da na rubuta shi za a bi. Idan kowane…"

"Yarinya, na haifi wanda ya girme ki. Ga shi nan." Ta nuna Tela. "Na ce miki na sani."

Mai takarda ta ɗaga kai ta dubi farin gemun Tela. Tela ya dubi ƙasa ya ce, "Wahala ce."

"Allah sarki," in ji mai takarda. Ta ƙirga kawuna, ta samu goma sha bakwai. "Wa ke riƙe da gidan?"

"Ni ce," in ji Gwaggo, har ta manta da siririyar muryar.

Shi kuwa mai awo yana can yana auna bango, yana ƙirga hujin kwano. Da ya gaji sai ya jingina da ƙofar tanderu. Tukwane tara suka motsa a ciki, ƙarar ta cika zauren kamar an kifar da shagon maƙeri. Kowa ya daskare.

"Ɓeraye ne," in ji Gwaggo.

"Ɓeraye?" in ji mai awo. "Da wannan ƙarar?"

"Na gidan burodi ne, ɗana. Ƙosassu ne."

Mai awo ya ja da baya daga ƙofar, ya rubuta a takardarsa cewa akwai ɓeraye. Gwaggo kuwa ta samu fili. Ta ɗauko lotsattsiyar tukunyar ta kai har hancin mai takarda, ta ce sau huɗu ake ɗora ta kafin abinci ya zaga, na ƙarshe yakan ci na safe da la'asar. Ta yi ta maganar tukunya har idon yarinyar ya kawo ruwa. Maganar rufi kuwa, ko sau ɗaya ba ta fito daga bakinta ba, don a ganinta wannan ai ido ya gani.

Daga nan baƙin suka leƙa lungun Mai Kitso. Mai takarda ta yi mata bayaninta tun daga farko har ƙarshe, ba wanda ya katse ta. Mai Kitso ta ce ita da 'ya'yanta girkinsu daban, tukwane biyu gare ta kuma sun ishe ta, rufi ne damuwarta. Gwaggo tana jiyo ƙarshen maganar daga nesa, ta taɓe baki ta ce wa matar Tela, "Ji sakarya. Wai sun ishe ta."

Bayan kwana takwas surukar Gwaggo ta sauka lafiya, aka samu ɗiya mace. Kwana biyu bayan haka motar kaya ta tsaya a filin makaranta, aka fara kiran masu kati. Gwaggo ta sa Tela da Mai Faci suka aro baro biyu, ta ce ko su ma da wuya su ɗauke.

Aka kira Mai Kitso. Aka ba ta tamfol ɗaya, da katako, da ƙusoshi, da bargo, da gidan sauro.

Aka kira Gwaggo. Aka ba ta tamfol ɗaya, da katako, da ƙusoshi, da barguna, da gidan sauro. Ta tsaya tana jiran sauran. Mai rabon kaya ya duba katin, ya ce, "Af, akwai ƙari. An yi rubutu na musamman a kanku." Ya hau mota, shi da wani suka sauko da wata ƙatuwar tukunya, irin wadda yaro zai shiga ya zauna ba a ga kansa ba. A cikinta akwai tarkon ɓera guda biyu.

Gwaggo ta ce, "Tamfol ɗin Tela fa? Na Mai Faci fa?"

"Tamfol ɗaya ne ga kowane gida, Mama. Ku gida ɗaya ne."

"Gida uku ne mu!"

Mai takarda tana kusa, ta matso. "Mama, ai ke kika ce tukunya ɗaya kuke ci. Mu da tukunya muke gane gida. Waɗanda suke girki tare, gida ɗaya ne. Masu girki daban, gida daban, kowa da katinsa da tamfol ɗinsa. Sau biyu na so in gaya miki."

Bakin Gwaggo ya buɗe don ya faɗi abin da ya saba, amma kalmar ta maƙale. Tela ne ya taimaka mata. "Ta sani," in ji shi.

Mai takarda ta ce za a iya gyara rubutun, amma sai ta dawo ta ga murhu uku da tukwanensu da idonta. Tamfol kuma an ƙirgo shi daidai da katunan, babu ragi. Mota ta gaba sai an buɗe hanya, kuma ba wanda ya san ranar, tunda masu bindiga ba sa ba da sanarwa.

Haka suka koma gida, baro ɗaya ɗauke da tukunya, ɗaya kusan wayam. A hanya Mai Faci ya ce, "Yaya, tunda ni ƙanenki ne, tamfol ɗin nan a kaina za a kafa shi ko?"

Tela ya ce, "Kawu, ka ji tsoron Allah. Ɗa yana nan, ƙane zai ci gado?"

Matan kuwa ba wasa a bakinsu. Matar Tela ta ce 'ya'yanta biyar, matar Mai Faci ta ce nata huɗu amma ɗaya yana tari. Wannan ta kama gefe, waccan ta kama gefe, Gwaggo ta zauna a tsakiyar tamfol ɗin ta ce katin sunanta ne. Suna cikin wannan ja-in-ja, Mai Kitso da 'yan matanta sun gama kafa nasu, har sun share ƙasa sun shimfiɗa tabarma.

Da la'asar gari ya yi baƙi. Iska ta taso, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin a ce wani abu zauren ya zama tafki. Jaririyar ta tsala kuka, uwarta ta duƙa a kanta tana kare ta da bayanta, ruwa yana bin wuyanta. Nan Gwaggo ta tashi daga kan tamfol ɗin ba wanda ya ce mata tashi. Mazan suka ja shi suka rufa a kan yara goma sha ɗaya da iyayensu mata, kowa ya riƙe gefe da hannu, tunda ba a kafa ko ƙusa ɗaya ba. Ruwa yana shiga ta ko'ina.

Sai ga Mai Kitso ta ratso ruwan. Ta karɓi jaririyar ta sa a cikin mayafinta, ta kama hannun mai jegon ta ce, "Taso, ƙanwata, wurina a bushe yake."

Mai Faci ya buɗe tanderu, aka fito da tukwanen nan tara aka jera su a ƙarƙashin manyan hujojin, suna cika ana zubarwa. Gwaggo ta duba ƙarƙashin tamfol, babu wurin ko ƙafa ɗaya. Ta duba lungun Mai Kitso, kunya ta hana ta. Sai ta ja ƙatuwar tukunyarta zuwa jikin bango, ta tsuguna, ta kifa ta a kanta. Ruwa yana dukan gindin tukunyar, ƙarar tana shiga mata har cikin haƙora.

Tela ya matso a jiƙe sharkaf, ya ƙwanƙwasa tukunyar da yatsa. "Inna, ɗanki ne. Yaushe ruwan nan zai tsaya?"

Can daga cikin tukunyar murya ta fito, ƙasa ƙasa.

"Ban sani ba."

Mako biyar suka yi a haka kafin hanya ta buɗe. Ranar da mai takarda ta dawo, Gwaggo da kanta ta jera tukwane tara a tsakar gida, ta nuna murhu uku, ta ce Tela ba ɗanta ba ne, ita ko a mafarki ba ta haifi mai gemu irin wannan ba. Da yarinyar ta fara bayani, Gwaggo ta kama leɓenta da yatsu biyu har aka kai ƙarshe. Jaririyar kuwa a lungun Mai Kitso ta yi wata guda, kuma albarkacin wannan lungun ne ko tari ba ta yi ba.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Wanda ya zo tambayar halin da kake ciki don ya taimake ka, gaya masa abin da yake akwai da abin da babu, kada ka ƙara, kada ka rage. Abin da ka faɗa shi za a rubuta, abin da aka rubuta kuma shi za a kawo maka, ko da tarkon ɓera ne. Ƙaryarka ba kai kaɗai za ta jiƙa ba, har da waɗanda suka bi ka da jaririn da bai san an yi ba. Sannan in ana yi maka bayani, rufe bakinka har a gama. Sauraron minti ɗaya da Gwaggo ta ƙi yi, shi ta biya da mako biyar a cikin ruwa.