Yadda Aka Dasa wa Sarki Bagudu Magana

A can zamanin da, tun ana auna mutum da girman rawaninsa, an yi wani sarki ana ce masa Bagudu. Ba azzalumi ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Aibinsa ɗaya ne tak: duk wanda ya riga kawo ƙara, shi ne mai gaskiya. Kafin na biyu ya tuɓe takalmi a ƙofar fada, an yanke hukunci har an shafa fatiha.

Wata safiya wani madugu mai suna Arzika ya faɗi gaban Sarki yana ta rantse-rantse, wai Cindo marini ya ɓata masa turamen yadin da zai tafi da su fatauci, sun fito fari-fari kamar an wanke su da toka. Sarki bai ko gyara zama ba ya ce, "Ranar Juma'a, da an sauko daga masallaci, a cike ramukan rinin Cindo da ƙasa, a raka shi bayan gari."

Fadawa suka ɗauka, "Gaskiya ne, Zaki!"

Waziri Nomau kuwa ya ji kamar an zuba masa garwashi a cikin riga. Gidansa na maƙwabtaka da marinar, kuma da idonsa ya ga madugun nan ya tsamo turamen daga rami da hannunsa, rini bai kama ba, Cindo na roƙonsa ya ƙara haƙuri shi kuwa yana cewa ayari ba ya jira. To amma a ƙasar nan ba a ce wa sarki ya yi kuskure. Maganar sarki kuma in ta fita, ta fita.

Waziri ya bi Sarki har cikin soro, ya same shi yana cin dambu, ya kwashe labarin kaf ya juye masa, ko numfashi bai yi ba. Sarki ya suɗe hannu ya ce, "Waziri, ai na riga na ji wannan shari'a. So kake in ji ta sau biyu?"

Waziri ya fito yana huci, ya tarar da Liman Sha'aibu da Galadima Tunau a gindin durumi.

Liman ya ce, "Kai ma Waziri, cusawa ka yi. Magana ba audugar rimi ba ce da za ka danna a matashin kai. Abin da aka cusa, da an saki hannu yake fitowa. Magana nanata ta ake yi, yau gobe, kamar yadda mabuga ke dukan shuni har ya zauna a jikin zane. Bar ni da shi."

Daga ranar, duk sallar da aka idar sai Liman ya juyo ya ce, "Jama'a, mai hukunci ba ya hukunci da kunne ɗaya." Da asuba haka, da azahar haka, da la'asar ma haka, har ladan ya fara taya shi faɗa. Waziri na satar kallon Sarki, ya ga yana gyaɗa kai, ransa ya ɗan yi sanyi. Ashe! Sarki ya sa aka kira alƙalin gari, ya wanke shi tas a gaban mutane, ya ce, "Tun yaushe Liman ke yi da kai, kai ko kunya ba ka ji?"

Waziri ya koma gindin durumi ya ce, "Allah gafarta Malam, bugun naka ya kama, amma a zanen wani."

Galadima ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Ku duka ba ku san manya ba. Ba a dukan kan sarki. Ɗiga masa ake yi, kaɗan-kaɗan, kamar maganin ido, ya shiga bai san ya shiga ba."

Galadima ya shiga ɗiga. Yau ya ce, "Ranka ya daɗe, na ga wani jaki a hanya, an ɗora masa mangala gefe ɗaya, sai karkata yake yi." Gobe ya ce, "Zaki, jakin nan dai, da an daidaita masa kaya gefe biyu, da ya huta." Jibi ma jaki. Ran Alhamis Sarki ya dube shi da tausayi ya ce, "Galadima, ashe abin ya kai haka? Ka bar kewaye-kewaye. Ku ba shi jaki ɗaya daga cikin nawa."

Waziri ya ga Galadima na fitowa da jaki a hannu yana washe baki, ya rasa wanda zai fara shaƙewa tsakanin Galadiman da jakin. Ga Juma'a gobe. Ga dogarai har sun tara ƙasa a bakin marina, Cindo na zaune kusa da ramukan da ya gada tun kakanni, ya haɗa kai da gwiwa.

Waziri ya tare Galadima ya ce, "Na cusa, ta fito. Malam ya nanata, ta faɗa kan alƙali. Kai ka ɗiga, ka samu jaki. Saura abu ɗaya: dasawa. A binne irin a gonarsa, a koma gefe, ya tashi ya ga tsiro ya ce ai shi ya shuka. Galadima, tunda kai kaɗai ka ci riba, gobe kai za ka yi mini aiki."

A al'adar fadar nan, ƙananan ƙararraki Waziri ke yanke su, Sarki na zaune yana saurare. Da safiyar Juma'a sai ga Galadima ya faɗi yana cewa, "Ranka ya daɗe, jiya da la'asar Mati wanzami ya shiga gidana ya kwance jakin da Sarki ya ba ni."

Shi Matin nan, duk garin ba wanda ya iya yi wa Sarki ƙaho sai shi, Sarki kuwa ciwon baya ne da shi.

Waziri ya murtuke fuska ya ce, "A karɓe zabirarsa da asakensa, a raka shi bayan gari tare da Cindo. An gama. Na gaba!"

Sarki ya zabura. "Wane Matin? Jiya da la'asar? Jiya da la'asar Mati na bisa bayana da ƙaho har rana ta faɗi! Ka kira shi ka ji ta bakinsa?"

"Ban kira ba, ranka ya daɗe. Galadima ne ya riga zuwa."

"Riga zuwa! Yau na ji shirme. To in riga zuwa ne gaskiya, ai sai a naɗa zakara alƙali! Mutum na can yana wasa askarsa, bai san hawa ba bai san sauka ba, kai kana nan kana korarsa daga gari? Haka kuke yi mini a ƙasa?"

Waziri ya sunkuyar da kai ya ce, "Tuba nake, Zaki."

Galadima ya yi wuf ya ce wataƙila jakin da kansa ya kwance.

Sarki ya miƙe tsaye, ya shiga yi wa fada karatu. Ya ce Allah bai ba mutum kunne biyu don ado ba. Ya ce daga yau duk wanda ya yanke hukunci bai ji ɓangare biyu ba, a bakin rawaninsa. Yana cikin faɗa sai ya yi tsit. Ya shafa gemu. Daga nesa aka ji jakin Galadima na kuka.

Can ya ce, "Shi marinin nan, wa ya ji ta bakinsa?"

Ya buga sandarsa a ƙasa.

"Kun gani? Ba don ina da tunani ba! Maza a kawo shi, a kawo madugun. Kuma kada wani ya ce na janye maganata. Maganata ta yau ce ta haɗiye ta ran nan."

"Gaskiya ne, Zaki!"

Aka kawo su. Cindo ya faɗi tasa. Arzika ya fara kame-kame, da Sarki ya zare masa ido ya ce lallai shi ya tsamo turamen, gaggawa ce ta ja shi. Sarki ya ce a kwashe ƙasar nan daga bakin marina, madugu kuma ya naɗa turmi guda na ɗanyen rinin a kansa ya zaga kasuwa, kowa ya ga aikin gaggawa. Sa'an nan ya nuna Waziri da sanda ya ce, "Kai kuma, shekara da shekaru kana zaune kusa da ni, ko ɗan wannan ba ka koya ba."

Da aka tashi, Waziri na neman takalminsa a ƙofar fada, sai ga Cindo ya durƙusa gabansa da baƙaƙen hannuwansa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba a bakin komai nake ba, amma don Allah ku riƙa ɗaukar darasi wurin bawan Allahn nan. Dubi yadda ya gano gaskiya shi kaɗai, ku kuna zaune."

Waziri ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya sa takalminsa.

Ya ce, "Za mu riƙa ɗauka, Cindo. Tashi ka koma bakin aikinka."