Rantsuwar Tsattsewa da Gyaɗar Gwaggo Tasalla

Dalilin da ya sa tsattsewa take tashi ƙasa-ƙasa in za a yi ruwa, ku matso in gaya muku, amma don Allah kar ku ce ni na faɗa.

Wai da can tsattsewa tana magana kamar ni da ku. Can sama take yawonta, har suka saba da Hadari. Shi kuwa Hadari ba ya so a san lokacin zuwansa, daɗi yake ji ya ga ana gudu da shanya. Ita kaɗai yake gaya wa, ita ma sai da ta rantse ba za ta buɗe baki ba.

To, sheƙarta a zauren wata tsohuwa take, Gwaggo Tasalla, wadda ba ta taɓa kore ta ba.

Ran nan Gwaggo ta baza irin gyaɗarta a tabarma ya sha iska. Shi ke nan abin da za ta shuka bana, ba ta da wani. Rana tsal, ta yafa gyale za ta gidan suna. Sai Hadari ya raɗa wa tsattsewa, "Yau zan sauka. Kin ga gyaɗar can? Ita zan fara kwashewa."

Tsattsewa ta dubi tabarmar. Ga rantsuwa, ga Gwaggo.

Kawai sai ta yo ƙasa fuu, ta gogi tabarmar.

"Ke 'yar nan, lafiya?" in ji Gwaggo.

Tsattsewa ta haura sama. Ta sake dawowa, har ta ture mata gyale.

"Ikon Allah! Yau ke ce a ƙasa? Anya saman nan lafiya?"

Ta ɗaga kai gabas, sai ga wani ɗan baƙi-baƙi kamar akuya a kwance. Ai tuni ta naɗe tabarma ta yi ɗaki. Tana shiga, ruwa ya ɓarke.

Hadari ya ce, "Munafuka! Ina rantsuwar?"

Tsattsewa ta ce, "Baki ka ce, Yaya. Ka ce fiffike?"

Haushi ya kama shi, ya ƙwace maganar gaba ɗaya, ya bar mata tsit-tsit.

Shi ya sa har yau ba ta iya cewa komai, amma in ruwa ya kusa sai ta sauko tana gogar ƙasa. Ni ma jiya na gan ta, na kwashe kuɓewar da Inna ta shanya. Inna ta ce wa ya gaya mini. Na yi shiru, kar Hadari ya ji.