Kwado a Ƙofar Mai Daddawa

Ku 'ya'yan yanzu, ku buɗe kunnuwanku, don ba zan maimaita ba. Iyayenku sun kwaɓa ƙasa da ƙafafunsu, sun ɗora katanga cikin rana, suka mutu suka bar muku gidaje. Ku ko tubali ɗaya ba ku taɓa ɗauka ba, amma kun iya karɓar kuɗin haya, kun kuma san hanyar shagon mai sayar da kwado. Ran Lahadi ku ne a bencin gaba da farar riga, muryarku ta fi ta kowa a waƙa. Ran Litinin ku ne kuke kulle wa talaka ƙofa. Ba ku ji kunya ba? To, ku saurari wannan misali.

Akwai wani mutum, saurayi, wanda ya gāji gida mai ɗaki shida daga mahaifinsa. A ɗakin ƙarshe akwai wata gwauruwa mai yin daddawa, shekararta goma sha ɗaya a wurin. Mahaifin yaron ya san cewa kuɗinta ba sa zuwa da ƙarshen wata, sai ranar da daddawa ta fita kasuwa, don haka yakan jira ta, ba ta kuwa taɓa cinye masa ko kwabo ba.

Ana nan sai ciwon ƙafa ya kwantar da matar, har haya ta taru mata ta wata uku. Da ta miƙe, ta sayar da akuyarta guda ɗaya da ta rage, ta sayi kalwa da kuɗin duka. Ta dafa ta yini da kwana, ta surfa, ta kai rafi ta wanke, ta sāke dafawa. Sa'an nan ta zuba a kwanduna huɗu, ta rufe da ganye da buhu, ta jera su a kusurwar ɗaki inda ɗumi yake. Duk macen da ta taɓa wannan aiki ta san ka'idarsa. Kwana uku ake yi, a buɗe, a daka, a shanya. In aka wuce haka, aikin ya tafi. Masu tuwo na kasuwar Laraba sun riga sun ce za su saye duka, kuɗin kuwa zai biya hayar har ya bar mata jari.

A rana ta biyu ta tafi ɗebo ruwa. Da ta dawo ta tarar da sabon kwado a ƙofarta, saurayin kuwa yana zaune a gindin darbejiya yana juya mabuɗi a yatsa. Ta sauke tulu, ta durƙusa wa yaron da ya girma a gabanta.

Ta ce, "Ɗana, ka buɗe mini. Kuɗinka suna cikin ɗakin nan, a cikin kwanduna. Gobe za su nuna."

Ya ce, "Ai shi ya sa na kulle, Iya. Kayanki su zauna jingina. Ki kawo na wata uku, ki kwashe warinki."

Ta gaya masa daddawa ba ta jiran kowa. Sai ya yi dariya, ya ce abin da dama wari yake yi, wace lalacewa ta rage masa? Gama shi daddawa a miya kawai ya san ta. Ya zaci kamar gero take, wanda ake zubawa a rumbu ya shekara.

Mai unguwa ya zo ya ja shi gefe, ya ce masa in kuɗi yake so ko ɗaki, ya je wurin alƙali, a kira matar, a ba ta wa'adi. Saurayin ya ce gidan ubansa ne, ba na uban alƙali ba. Ya jefa mabuɗi a aljihu, ya hau mota ya tafi bikin abokinsa a wani gari.

Matar ta kwana a madafar maƙwabta da zanen da ke jikinta. An ce mata ta fasa kwadon, ta ƙi, don kada a ce ta fasa kayan mutane. A rana ta uku ta tsaya a bakin ƙofa, hancinta ya gaya mata daddawa ta nuna daidai, ta dafa ƙyauren tana kuka. A rana ta huɗu ƙanshin ya juya. A ta shida ƙudaje suka rufe taga, tsutsa ta fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Sauran 'yan haya suka kasa cin abinci a tsakar gida, biyu a cikinsu suka ɗaure kayansu suka tashi.

Sai mai unguwa ya raka matar wurin alƙali. Da saurayin ya dawo, sammaci ne ya tare shi. Alƙali ya tambaye shi wa ya ba shi izinin kulle ɗakin, ya amsa da cewa gidansa ne, kuma bin ta bashi yake yi.

Alƙali ya ce, "Gida naka ne, bashi ma naka ne, ba wanda ya musa. Amma ranar da aka karɓi kuɗinta aka ba ta ɗaki, ƙofar ta zama tata, har sai shari'a ta karɓa ta maido maka. Kai ne mai ƙara, kai ne alƙali, kai ne kuma ɗan sanda? To ni me nake yi a kujerar nan?"

Ga ma'anar misalin, ku riƙe ta. Gidan nan shi ne duk abin da Ubangiji ya sa a hannunka ba da guminka ba. Gwauruwar ita ce wanda yake ƙarƙashin ikonka, ko ɗan haya ne, ko mai yi maka aiki. Kwandunan su ne ɗan abin da talaka yake rayuwa da shi, wanda kai ba ka san yadda ake yinsa ba, ba ka kuma tsaya ka tambaya ba. Kwadon kuwa shi ne zuciyar da take cewa, tunda ina da gaskiya, ba na bukatar kowa ya yanke mini hukunci.

Kada wani ya fita daga nan ya ce tsohuwa ta ce kada a biya haya. Ban ce ba. Wanda yake da kuɗi ya hana mai gida, ɓarawo ne, ko yana ƙungiyar mawaƙa. Amma bin bashi bai ba ka ikon kulle ɗaki ba, bai ba ka ikon cire ƙyaure ko watsar da kaya a titi ba. Akwai dattawa, akwai mai unguwa, akwai alƙali, akwai wa'adi. Kai da kake durƙusawa kana roƙon Allah ya yi maka haƙuri da zunuban shekara talatin, ka kasa yi wa tsohuwa haƙurin kwana ɗaya? Da ya kulle maka ƙofar jinƙansa a ranar da ka fara makara, da a ina za ka kwana?

Saurayin nan, alƙali bai yafe wa matar hayarta ba. Ya cire ta wata uku daga abin da za a biya ta, sa'an nan ya lissafa wa yaron saura: kuɗin kalwa, da na itace, da ribar kasuwar Laraba, da kwana takwas da ta yi a madafar mutane. Abin ya kai hayar shekara guda. Ɗakuna biyu suka zauna ba kowa har damina ta wuce, don warin ya shiga bango, sai da aka kankare aka sāke yaɓe. Alƙali ya kuma ce hannun da ya kulle shi ne zai buɗe, shi ne zai kwashe. Da tsakar rana, ranar kasuwa, ya ɗauki kwandunan nan huɗu a kansa ɗaya bayan ɗaya zuwa juji, ruwansu yana zuba a farar rigarsa, masu tuwo suna tsaye suna kallo. Yau yana da furfura da jikoki, amma in ka tambayi gidansa da sunan da ubansa ya raɗa masa, ba wanda zai nuna maka. Sai ka ce gidan Mai Kwado.