Harajin Karofi da Bashin Madugu

A zamanin da, tun ana ciniki da wuri, an yi wani sarki da bashi ya yi wa katutu. Ya ranci dukiyar madugu Ɗantsoho ya gina ganuwa, bisa sharaɗin in ayari ya dawo bai biya ba, kuɗin ƙofar gari ya zama na madugu har abada.

Sarki ya nemi shawarar Ma'aji Tanimu da Waziri Gwadabe. Ma'aji ya ce, "Ranka ya daɗe, a rage tuwon fada da kyautar riguna."

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Ma'aji ya saba ƙirga lomar mutane. A ninka harajin karofi. Marini ba ya ɗaukar raminsa ya gudu."

Aka ninka. Marina suka cike ramukansu da ƙasa, suka ƙaura garin maƙwabta. Haraji ya ragu. Waziri ya ce a sallami masu tsaron hanya don a yi tsimi. Aka sallame su, fatake suka daina zuwa, bashi kuwa yana ta haihuwa.

Amma sarki ya lura baƙin rini bai yanke a kasuwa ba, sai tsada da ya ƙara. Ya tambayi Waziri inda ake rina shi.

"Tsohon kaya ne, ranka ya daɗe."

Sarki bai yarda ba. Ni ma ban yarda da bafaden da amsa ke zaune a bakinsa ba.

Sai sarki ya sa aka yi shela: an yafe harajin karofi, kuma wanda ya fara kawo sabon rini shi ne sarkin marina. Washegari ƙanen Waziri ya shigo fada da zane yana ɗiga.

Sarki ya ce, "Waziri, baban rini sai ya yi kwanaki a rami kafin ya kama zane. Garin da aka cike ramukansa, wannan a ina ya nuna?"

Dogarai suka bincika, suka iske ramuka a bayan katangar Waziri, an rufe da tabarmi. Ashe Waziri ya kori marina da haraji don kasuwa ta zama tasa, bai biya ko wuri ba.

Aka tuɓe shi, aka sayar da dawakinsa. Masu tsaro suka koma hanya, marina suka dawo kan tsohon haraji, sarki ya rage tuwon fada da kyautar riguna. Da madugu ya iso, rabin kuɗinsa ya samu.

"Saura fa, ranka ya daɗe?"

"Je ka ga karofi, ka dawo mu yi magana."

Madugu ya je ya ga marina sun dawo aiki. Ya ƙara wa sarki shekara, bai taɓa kuɗin ƙofa ba.