Mai Fito da Tsohuwa Mai Tukwane

An yi wani mutum a wani gari na bakin kogi, tun zamanin da, wani bawan Allah ana ce masa Nomau. Mai fito ne, yana haye da mutane a kwale-kwale. Jirgin ma ba nasa ba ne, na Sarkin Ruwa ne, da shi yake ciyar da iyalinsa.

Ranar da zan ba ku labarinta, da hantsi ne, hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Kowa na sauri ya haye kafin kogi ya kawo.

Wadda ta fara isowa wata tsohuwa ce 'yar Gbagyi, da tukwanenta za ta kasuwa. Ku saurara, su matan Gbagyi ba su ɗora kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka. Ranar da Nomau ya fara haye da ita ya ɗaga kayanta zai aza mata a ka, ta goce, ta ɓata rai. Maza suka kwashe da dariya. Shi bai yi dariya ba. Tambaya ya yi, aka ce masa a wurinsu kai abin girmamawa ne, ba a aza masa kaya. Bai sake ba.

To, ta shiga jirgi ta zauna ke nan, sai ga wani madugu, Cindo, da buhunan gishiri.

"Kai mai fito, sauke wannan tsohuwa, kayana ba sa son ruwa."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, Iya ta riga ka zuwa. In kai ta in dawo, yanzun nan."

"Iya? Uwarka ce? Ko Hausa ba ta ji!"

"Ba ta ji, amma ta haifi wani. Wanda ta haifa ba zai so a sauke ta ba."

Madugu ya ce, "Ka san jirgin wa kake tuƙawa? Da ni da Sarkin Ruwa kwano ɗaya muke ci."

Jama'a, nan ne wurin. Ga tuwon 'ya'yansa, ga tsohuwar da ba ta ma san a kanta ake magana ba. Nomau ya dubi hadari, ya dubi tsohuwa. Ya ce, "Na sani." Ya tura jirgi.

Ya kai ta, ya dawo ya kwashi madugu, amma ruwa ya taɓa buhu biyu. Kafin la'asar an karɓe jirgi an ba wani.

Kuna jira in ce daga baya ya yi arziki? Bai yi ba. Dako ya koma a bakin kogin nan, har ya tsufa. Ko sau ɗaya ba a ji ya ce da na sani ba.

Abin da nake so mu riƙe ke nan, ni da ku. Mutuncin mace ba sai ta zama uwarka ko ƙanwarka ba, ba sai ta ji yarenka ko ta yi shigar gidanku ba. Kai da kake ture mai ciki a tasha don ka riga ta shiga mota, kai da kake yi wa mai sayar da doya dariya don Hausarta ta karye, ka tuna taka uwar ma baƙuwa ce a garin wasu. Mu daina. Daga yau mu daina, ko da zai ci mana wani abu.

Da kasuwa ta zagayo, tsohuwar ta sauko daga jirgin sabon mai fito, tana neman wanda zai ɗaga mata. Nomau ya ajiye buhun da ke kansa, ya ɗaga tukwanen, ya aza mata a kafaɗa a hankali. Ta gyara tsayuwa, ta kama hanyar kasuwa, ba ta waiwayo ba. Shi ma ya sunkuya ya ɗauki buhunsa.